Jinga ce ko Ƙwadago? Kukan Masu Kai Kaya na Kamfanin FedEx

Jawabin da aka yi wa wakilan ikkilisiyoyin karkara a taron horaswa kan sana'o'in matasa

Na san waɗansunku sun bar aiki a gona suka zo, saboda haka ba zan tsaya dogon share fage ba.

An roƙe ni in yi magana a kan aikin kai saƙo, domin da wuya a sami ƙauye cikin waɗanda suka aiko wakilai a nan da ba shi da yaro a Abuja ko Legas ko Jos yana yawo a kan babur da akwati ɗaure a baya. Amma labarin da na kawo muku na ƙasar Amurka ne, na wani babban kamfanin kai kaya da ake kira FedEx, da rigimar da ya daɗe yana yi da mutanen da suke kai masa kayan. Na zaɓi wannan labari ne domin a can an kai maganar gaban alƙali, an buɗe takardu, kowa ya ga yadda aka tsara abin. A wurinmu irin wannan magana takan ƙare a bakin tasha, da gunaguni.

Kafin mu haye teku, bari mu tsaya a gona tukuna. Dukanmu mun san bambancin ƙwadago da jinga. Idan ka ɗauki mutum ƙwadago, kai ne kake faɗa masa lokacin zuwa da na tashi, kai kake nuna masa kunyar da zai fara, daga gidanka za a kai masa kunu da rana, in yamma ta yi kuma ka biya shi, ko an gama gonar ko ba a gama ba. Jinga kuwa, kun yi ciniki ne a kan gonar gaba ɗaya. Ya zo da asuba ko da hantsi, shi kaɗai ko da ƙannensa, ba ruwanka. In ya gama cikin kwana 2, ribarsa ce. In ciyawa ta fi yadda ya zata har ya kai kwana 5, hasararsa ce. Kowanne da adalcinsa. Ɗan ƙwadago ana juya shi, amma ya san abin da zai kai gida. Ɗan jinga ba wanda yake juya shi, amma shi ke ɗauke da hatsarin.

To, ku yi tunanin wani mai gona da zai tsaya a kanka tun safe kamar ɗan ƙwadago, ya ce ga lokacin zuwa, ga irin fartanyar da za ka riƙe, har ga irin rigar da za ka sa, amma in an zo biya ya ce ai jinga kuka yi, kunu ma sai ka sayi abinka. Wannan shi ne ƙorafin masu kai kayan FedEx. Duk abin da zan faɗa nan gaba bayanin wannan ne kawai.

Kamfanin FedEx ya fara aiki a 1973 a birnin Memfis na jihar Tenesi. Wanda ya kafa shi, Frederick Smith, ya rasu a 2025. A daren farko ƙananan jirage 14 ne suka ɗauki ƙunshi 186 kacal. Yau kuwa maganar miliyoyi ake yi kowace rana. Reshen da ya shafe mu shi ne mai aiki da motoci, wanda aka sani da FedEx Ground. Asalinsa wani kamfani ne dabam mai suna RPS, da aka kafa a 1985 a jihar Pensilbaniya. FedEx ya saye shi a 1998, ya sake masa suna a 2000. Lokacin da RPS ya shigo kasuwa ya tarar da wani ƙato mai suna UPS ya riga ya kafu, da direbobinsa masu albashi da ƙungiyarsu. Hanyar da RPS ya bi ya rage kuɗin aiki ita ce, ya ƙi ɗaukar direbobi a matsayin ma'aikata. Ya ce wa kowane direba: kai ɗan kwangila ne, mai cin gashin kanka. Sayi motarka, mu ba ka unguwa, mu biya ka bisa ga yawan gidajen da ka tsaya da yawan kayan da ka sauke.

Maganar tana da daɗin ji, kuma kada mu yi ƙarya, akwai waɗanda ta karɓe su, suka ƙara mota ta biyu da ta uku, suka yi arziki. Wa ba ya son a ce shi ne maigidan kansa? Amma ga abin da ya fito fili sa'ad da direbobin jihar Kaliforniya suka kai ƙara. Motar taka ce, kai ka ci bashi ka saya, amma sai wadda kamfani ya amince da ita, kuma dole ka shafa mata irin farin fentin da ya zaɓa, ka manna tambarinsa. Har girman kantocin da ke cikin motar an ƙayyade. Dole ka sa kakin kamfani, ka gyara gashi da gemu yadda aka rubuta. Kamfani ne yake auna maka kayan da zai cinye maka awa 9 da rabi zuwa 11 a rana. Yana iya rage maka unguwa ko ya sake mata iyaka. Manaja yana iya shiga motarka har sau 4 a shekara ya ga yadda kake aiki. Man mota, gyara, taya, inshora, duk daga aljihunka. Kakin da na'urar da ke karanta lambar kaya, ana cire kuɗinsu daga abin da za a biya ka. In ka wuce lokaci ba ƙarin kuɗi. In ka kwanta ciwo, kai za ka nemo wanda zai tuƙa a madadinka, ka biya shi, shi ma sai kamfani ya yarda da shi.

A watan Agusta 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya mai kula da yammacin Amurka ta yanke hukunci cewa waɗannan direbobi, su kimanin 2,300 da suka yi aiki tsakanin 2000 da 2007, ma'aikata ne a idon dokar Kaliforniya, ko da me aka rubuta a kan takarda. Ɗaya daga cikin alƙalan ya kawo wata tsohuwar kacici-kacici da ake danganawa ga shugaban ƙasarsu na dā, Abraham Lincoln. Wai in ka kira wutsiyar kare ƙafa, ƙafafunsa nawa ke nan? Amsa ita ce huɗu, domin kiran wutsiya ƙafa ba ya mai da ita ƙafa. Na ga Baba yana dariya a can baya. Haka ne, Baba, alƙalin Amurka ma yakan yi magana irin ta dattawan ƙauye. A 2015 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 228 a kashe wannan shari'a. A 2016 ya sake yarda da biyan dala miliyan 240 ga direbobi kimanin 12,000 a jihohi 20. Don kada in ba ku rabin labari, ba kowace kotu ce ta ba direbobi gaskiya ba. Wata kotun ɗaukaka ƙara a birnin Washington ta goyi bayan kamfanin a 2009, ta kuma maimaita a 2017.

Yanzu ku saurara da kyau, domin a nan ne wayon yake. Mutum zai yi tsammani bayan duk wannan kamfanin zai ce, to shi ke nan, bari mu ɗauki direbobin aiki. Bai yi haka ba. Tun a 2011, shari'a tana cikin tafiya, ya daina ƙulla kwangila da direba shi kaɗai. Ya ce daga yanzu sai da ƙaramin kamfani mai rajista, wanda zai ɗauki direbobinsa, ya biya su albashi, ya biya musu haraji da inshora. Watau an sa mutum a tsakiya. Direba yana sanye da kakin FedEx, yana tuƙa mota mai tambarin FedEx, yana kai kayan FedEx, amma in ya yi kuka sai a ce masa ai kai ba yaronmu ba ne, je wurin maigidanka. Maigidan nan kuwa mai ciniki ɗaya tak gare shi a duniya, shi ne FedEx. A 2022 irin waɗannan ƙananan kamfanoni sun kai kimanin 6,000, suna riƙe da hanyoyi wajen 60,000.

Waɗannan hanyoyi ana sayar da su kamar yadda ake sayar da rumfa a kasuwa. Mutum yakan ci bashin banki, ko ya zuba kuɗin sallamarsa daga aiki, ya sayi hanyoyi da motoci. Amma kwangilar ta ɗan lokaci ce, in ta ƙare sai an sabunta. Ran da kamfani ya ƙi sabuntawa, abin da ka saya ya zama iska, sai tsofaffin motoci da bashi. Ku riƙe wannan, domin shi ne dalilin da ya sa yawancinsu ba sa iya ɗaga murya.

Abubuwa sun tafi lami lafiya muddin kaya suna ƙaruwa, mai kuma yana araha. Daga farkon 2020 kamfanin ya ce za a riƙa kai kaya gidaje kwana 7 a mako, har ran Lahadi, duk shekara. Ɗan kwangila sai ya ƙara direbobi da motoci. Sai ga annobar korona. Mutane suka zauna a gida suna sayayya ta intanet, kaya suka yi ambaliya. Kayan kuma sun sake kama. Dā yawanci shaguna da ofisoshi ake kai wa, ka tsaya wuri ɗaya ka sauke kwali da yawa. Yanzu gida gida ne, ka yi tafiya mai nisa don kwali ɗaya. Kwalin ma yana iya zama katifa ko tayar mota ko tebur, gama ƙa'idar kamfanin ta yarda da ƙunshi mai nauyi har kilo 68. Buhun taki kilo 50 ne. Ku auna mutum ɗaya yana hawa bene da abin da ya fi buhun taki nauyi.

A ƙarshen 2021 aka sami abin da ya fasa ƙurji. Kafin Kirsimeti, lokacin da kaya suka fi yawa, kamfani yakan gaya wa 'yan kwangila yawan kayan da ake sa rai, domin su yi shiri. Suka yi shiri bisa ga lissafin da aka ba su, suka yi hayar motoci, suka ɗauki ƙarin mutane. Kayan ba su zo yadda aka faɗa ba. Wanda ya yi lissafin bai yi hasarar kome a kan motocin hayar ba, wanda ya gaskata lissafin shi ya biya. A watan Janairu 2022 'yan kwangila fiye da 800 suka sa hannu a wata wasiƙa zuwa ga shugabannin kamfanin suna neman a duba halinsu. Kafin damina ta yi nisa a wurinmu, a watan Yuni na shekarar, man dizal a Amurka ya wuce dala 5 da rabi galan ɗaya, tsadar da ba su taɓa gani ba. Albashin direbobi ya tashi, kayan gyara sun tashi. 'Yan kwangila suka ce kamfani ya ƙara wa masu aiko da kaya kuɗi saboda tsadar mai, amma abin da ya gangaro wurin masu sayen man bai taka kara ya karya ba. A cikin wannan wata na Yuni kuma kamfanin ya ƙara wa masu hannun jari rabon riba da kashi 53 cikin 100. Ga mutumin da yake rancen kuɗi don ya biya direbobinsa ran Jumma'a, wannan labari ya yi zafi. Abin nan ne da Hausawa suke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai wani mutum ya fito, Spencer Patton, ɗan jihar Tenesi, ɗaya daga cikin manyan 'yan kwangilar, mai hanyoyi 225 a jihohi 10. A watan Yuli 2022 ya yi magana a fili ta bidiyo. Ya ce kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan kwangila suna bakin karyewa. Ya nemi a ƙara santi 50, watau rabin dala, a kan kowane gida da aka tsaya, da santi 20 a kan kowace mil ga manyan motocin da ke tafiya tsakanin garuruwa. A watan Agusta, a wani taron 'yan kwangila a birnin Las Vegas, ya ce in ba a gyara ba, shi zai ajiye motocinsa ran 25 ga Nuwamba, daidai lokacin da cinikin ƙarshen shekara yake buɗewa.

Amsar kamfanin ita ce, ba ya ciniki da taro. Kowane ɗan kwangila kamfani ne mai zaman kansa, in yana da kuka ya zo shi kaɗai a zauna. Ya ce kaɗan ne daga cikinsu suka nemi a sake musu farashi. Ya kuma ce Patton yana kururuta abin ne don cinikinsa, gama yana da wani kamfani na dabam da ke ba 'yan kwangila shawara, yana kuma dillancin hanyoyi. Wannan magana ta dillanci gaskiya ce, kuma ya kamata mu sa ta a ma'auni. Ran 26 ga Agusta 2022 FedEx ya soke dukan kwangilolin Patton, ya kuma kai kamfaninsa na shawara ƙara, wai yana yaɗa ƙarya. A 2023 alƙali ya kori ƙarar, a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da korar. Amma hanyoyin nan 225 sun riga sun tafi. Ran 25 ga Nuwamba ta zo ta wuce, motoci suka fita kamar kullum. Sauran sun ga abin da ya sami babba a cikinsu, kowa ya shafa wa gemunsa ruwa. Tun kafin wannan ma, da yawa daga cikin waɗanda suka yi magana da 'yan jarida sun roƙi a ɓoye sunayensu.

Wani zai tambaya, don me ba su haɗa kai suka tsai da aiki gaba ɗaya ba? Ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan ne sunan nan na "mai zaman kansa" ya sake cizon su. A dokar Amurka ma'aikata suna da izini su haɗu su ce ba za mu yi aiki a ƙasa da kaza ba. Amma in kamfanoni ne suka haɗu suka tsai da farashi, ana iya tuhumarsu da haɗa baki don cutar kasuwa. Ɗan kwangilar FedEx kuwa a takarda kamfani ne. Ga shi ana juya shi kamar ma'aikaci, amma makamin ma'aikaci an karɓe masa. Sai ya shiga ofis shi kaɗai ya zauna gaban kamfanin da reshensa na motoci kawai ya yi cinikin sama da dala biliyan 33 a shekarar kuɗi ta 2022. Ku gaya mini, wane irin ciniki za a yi a wannan ɗaki?

Ba na ce kamfanin bai motsa ko kaɗan ba. A wannan shekara ta 2022 ya daina kai kaya ran Lahadi a yankunan karkara da gidaje ke nesa da juna, inda 'yan kwangila suka fi yin hasara. Shi ma cinikinsa ya ja baya a ƙarshen shekarar. A 2024 kuma aka haɗe reshen motoci da na jirage suka zama kamfani ɗaya, amma 'yan kwangila suna nan suna kai kaya. Abin lura shi ne, kamfanin ne ya zaɓi abin da zai gyara da ranar da zai gyara shi.

Akwai mutumin da ba mu ji muryarsa sosai a cikin wannan rigima ba, shi ne direban da ke ƙarƙashin ɗan kwangila. In an matse ɗan kwangila daga sama, ina zai rage? Ba zai iya rage kuɗin mai ba, ba zai iya rage bashin banki ba. Sai ya ƙara wa direba gidaje, ya jinkirta gyaran mota, ya biya shi kuɗin yini maimakon na awa, ya bar shi ba inshorar asibiti. Ni ban ɗauki ɗan kwangila waliyyi ba. Waɗansunsu abin da suke kuka an yi musu, shi suke yi wa yaransu, har da ƙari.

Ku kwatanta da UPS, inda direbobi ma'aikatan kamfani ne kai tsaye, suna cikin ƙungiyar ma'aikata da ake kira Teamsters. A watan Agusta 1997 ma'aikata 185,000 suka yi yajin aiki na mako biyu da ɗoriya, domin kamfanin ya cika ɗaukar mutane aikin rabin yini da ƙaramin albashi. Aka shirya da alkawarin buɗe gurabe 10,000 na cikakken aiki. A 2023, ba tare da an kai ga yaji ba, ƙungiyar ta samo wa mutane kimanin 340,000 ƙarin albashi, da alkawarin sa na'urar sanyaya iska a sababbin motoci, domin direbobi sun sha faɗuwa saboda zafi. Can ma ba aljanna ba ce. A 2025 UPS ya ba da sanarwar rage ma'aikata 20,000. Amma ma'aikacin UPS yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, yana da wakilin da zai shiga tare da shi, kuma ba a korarsa don ya yi magana a taro.

Zan ƙara misali ɗaya daga Ingila, domin yana nuna inda wannan tsari yake iya kai mutum. Wani direba mai ciwon sukari ya yi shekara 19 yana kai wa kamfanin DPD kaya a matsayin mai zaman kansa. Ƙa'idarsu a lokacin ita ce, in ba ka fito ba, ba ka kuma kawo madadi ba, ana iya cin tararka fam 150 a rana. A 2017 ya je ganin likita aka ci tararsa. Matarsa ta ce tsoron tarar nan ya sa ya riƙa fasa zuwa asibiti. Ya rasu a watan Janairu 2018. Da labarin ya fita a jarida, kamfanin ya nemi gafara, ya soke tarar, ya kuma ba direbobi zaɓin shiga tsarin da ke da hutun ciwo. Kuɗin da aka ci shi tara bai kai kome ba a wurin kamfani. Amfanin tarar shi ne ta tsorata mutum, ta kuwa tsorata shi.

Yanzu mu dawo gida, ga 'ya'yanmu. Ba FedEx suke yi wa aiki ba, amma in kun zauna da su lokacin Kirsimeti kuka tambaye su, za ku ji muryar da ta yi kama da wadda na kawo muku. Waɗansu babur na kamfani ne, ana ba su albashi. Waɗansu babur nasu ne, ana biyansu a kan kowane saƙo ta wayar hannu. Waɗansu kuma an ba su babur su riƙa biya kaɗan kaɗan, ko su kawo balas kowace yamma. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a manyan sassan birnin a watan Fabrairu 2020, da yawa suka koma kai saƙo. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, daga baya ta wuce nan da nisa. Yaron da aka yi masa farashi tun mai yana araha, wa ya ɗauki wannan ƙari? Tambayar 'yan kwangilar Amurka ke nan, a kan ƙafa biyu maimakon huɗu.

Saboda haka in ɗanki ya zo ya ce, Mama, na sami aikin kai saƙo, a sayar da akuya ko a ranto daga adashi a haɗa mini kuɗin ajiya, kada ki tsaya ga nawa za a biya shi. Ki tambaye shi wa zai sayi mai, in man ya tashi kuma wa zai cika. Wa zai gyara babur. In kwali ya fashe ko an ƙwace shi a hanya, daga kuɗin wa za a cire. In ya yi hatsari, wa zai kai shi asibiti, in ya kwana uku a kwance kuma, balas yana ci gaba da hawa ko ya tsaya. Wadda ta fi muhimmanci ga masu biya kaɗan kaɗan: in ya biya kashi uku cikin huɗu sa'an nan ya kasa, a ƙwace babur ɗin, abin da ya zuba ya tafi ke nan ko akwai abin da zai dawo masa? In amsar kowace tambaya ita ce "ni ne", to jinga ce, sai a duba ko an bar masa 'yancin ɗan jinga, ya ƙi saƙon da ba riba, ya yi wa wani aiki, ya huta ran da ya ga dama. In an hana shi waɗannan kuma, an haɗa masa wahalar duka biyu.

Dattawa, ku ma akwai naku. Sau da yawa kamfanonin nan sukan ce a kawo mai tsaya wa yaro, sai a zo wurin dattijo ko fasto ya sa hannu. Kada ku sa hannu a kan takardar da ba a karanta muku ita da Hausa ba, gama in kaya suka ɓace, ƙofarku za a zo. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce wanda ya ɗauki ma'aikaci ya ba shi sharuɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 su cika. Akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010 domin wanda ya ji rauni a bakin aiki, akwai kuma kotun ma'aikata ta ƙasa mai sauraron irin waɗannan ƙararraki. Amma duk waɗannan sun fi sauƙin kama mutumin da aka rubuta shi ma'aikaci. Wanda aka rubuta shi abokin hulɗa ko mai zaman kansa, sai ya fara da tabbatar wa alƙali cewa wutsiya ba ƙafa ba ce, kuma kun ji shekarun da hakan ya ci wa direbobin Kaliforniya, su da suke da lauyoyi. Shi ya sa nake roƙo yaro ya ajiye kofin duk takardar da ya sa wa hannu, ya riƙa rubuta abin da ya biya da ranar da ya biya a ɗan littafi, ya aiko da hoton takardar gida ta waya kafin ya sa hannu. A kowace ikkilisiya ba a rasa malamin makaranta ko tsohon ma'aikacin gwamnati da zai iya karanta ta.

Na ga masu abinci sun fara leƙowa. Bayan mun ci za mu rabu ƙungiya ƙungiya. Waɗanda suke da yaro a wannan aiki su zauna wuri ɗaya, kowa ya faɗi irin yarjejeniyar da ɗansa yake ciki in ya sani, wanda bai sani ba kuma ya buga masa waya yanzu ya tambaya. Shugaba, na mai da magana wurinka.